Yadda Badaru Ya Gyara wa Mutanen Sin Maganinsu

Kwana tara Badaru ya yi a ƙasar Sin, biyu daga ciki ma a filin jirgi ya yi su, amma shekara huɗu ke nan muna shan labarin. Ni Ramlat, mai sayar da tuwo a hawa na uku na wani bene a unguwar Abu Hail, nan Dubai, na fi kowa shan wahalarsa, don a falona yake zuwa ya baje hajarsa. Ka ce kanka na ciwo, ya ce a Gwanzu, birnin da ya je a Sin, ba a yin irin wannan ciwon. Ka ce miya ta yi gishiri, ya ba ka tarihin gishirin Sin. Aikinsa a kasuwar Deira rakiya ce: baƙo ya sauka daga Kano, ya riƙe masa jaka, ya kai shi shago, a ba shi na shayi. Amma in ka ji shi a waya da mutanen gida, sai ka rantse shi ke ba jiragen ruwa izinin tashi.

Ana nan sai Alhaji Ɗalhatu ya sauka. Babban ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari na Kano, yana da sito a nan unguwar Al Quoz inda ake tara masa kaya kafin a loda kwantena. Wakilinsa na Dubai ya koma gida, shi ya sa ya zo da kansa ya zaɓi sabo. Tarin makullan siton suna aljihunsa, duk inda ya juya sai su yi ƙara. Wanda ya samu makullan nan ya samu albashi, ya samu bizar aiki. Shi kuwa Badaru bizarsa saura sati uku ta ƙare, in ta ƙare sai Kano. Don haka duk sanda makullan suka yi ƙara, sai ka ga wuyansa ya juya.

Mutum biyu Alhaji ke dubawa, Badaru da Hafiz. Hafiz direban motar kargo ne, shekararsa goma sha ɗaya a garin nan, kuma in ka ji ya yi magana goma a yini to an yi masa tambaya goma ne. Badaru ba ya kiran sunansa, sai dai “direba”.

Alhaji kuma ya zo da matsala. Cikinsa ya kumbura tun a jirgi, abinci ya zauna masa ya ƙi gaba ya ƙi baya. Ya ci loma uku ya ture kwano, ya jingina yana gyatsa yana istigfari. Ranar da ya fara yin haka a falona, Badaru ya ajiye cokali, idonsa ya yi haske. Abin nema ya samu.

“Alhaji, wannan ai ƙaramin abu ne,” in ji shi. “A wurin manyan likitocin Sin na zauna. Ka ba ni kwana uku, cikin nan zai koma kamar na ɗan shekara ashirin.”

Na ce, “Badaru, ba takalman roba ka je saro ba?”

“Hajiya, mai ido ko kasuwa ya shiga ilimi yake kwasowa.”

Alhaji ya shafa ciki ya ce, “Kwana ukun ne dama suka rage min. In ka iya, mu gani.”

Washegari ya lallaɓa ni in raka shi kasuwar 'yan Sin da ke bayan gari, wai don in ga yadda ake girmama shi. Dama ina son sayen kuloli, sai na bi shi. Tun a bas yake gargaɗina, “In mun shiga kada ki sa baki. Mutanen nan sai da yarensu ake samun na gaske.” Muka shiga wani ɗan shago mai durowoyi har rufi, wata dattijuwa 'yar Sin tana zaune tana auna saiwoyi. Badaru ya gyara hula, ya rusuna, ya ce, “Ni hao,” wato sannu. Ta amsa. Ya sake cewa, “Ni hao.” Ta sake amsawa. Daga nan kaya suka ƙare, sai ya shiga buga cikinsa yana kumbura kumatu yana nuna sama.

Matar ta dube shi, ta dube ni, ta ce da Hausa, “Hajiya, ɗan'uwanki lafiyarsa ƙalau kuwa?”

Ashe shekara bakwai ta yi a Kano, mijinta yana sayar da yadi. Wallahi sai da na riƙe kantar shagon don kada in faɗi. Badaru ya yi tari ya ce, “Ai gwada ta nake yi.”

Na yi mata bayanin ciwon Alhaji da Hausa. Ta jawo durowa ta ɗebo 'ya'yan kuzbara, wannan da 'yan boko ke ce wa koriyanda, irin wadda Indiyawa ke zubawa a miya. Ta ce a maganinsu na gargajiya ana cewa kuzbara tana da ɗumi. In ciki ya yi sanyi, abinci ya zauna, sai a ɗan dandaƙa 'ya'yan a zuba a ruwan zafi a sha bayan abinci, ko a yanka ɗanyen ganyen a kan miya. Ta haɗa yatsu uku ta nuna mana. “Haka kawai. Kaɗan. Ya rage mai, ya rage nama. In kwana uku bai ji sauƙi ba, ku kai shi asibiti, kada ku zauna.” Ta ƙulla 'yar leda wadda ba ta kai tafin hannuna ba.

Badaru ya ɗaga ledar da yatsa biyu. “Wannan? Mutumin da ke loda kwantena goma a wata za a ba wa wannan? Madam, ba ni kilo biyar.”

“Gidan abinci gare ka?”

“Asibiti gare ni.”

Ta auna masa kilo biyar, don ita ma 'yar kasuwa ce. 'Yar ledar kuwa ta tura min ita a hannu, na jefa a jaka.

Da muka dawo ya ce in ara masa babbar tukunyata, wadda nake tuƙa tuwon mutum arba'in a ciki. Na ce a'a. Ya ce idan ya zama wakili duk leburorin sito a wurina za su riƙa cin abinci. Kwaɗayi ya ja ni, na ba shi, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Da fari ya ce sai an soya 'ya'yan, wai haka ya ga ana yi a Gwanzu. Ya zuba rabin buhun a busasshiyar tukunya, ya ƙure wuta, ya koma falo yana yi wa masu cin abinci lacca. Ba a yi minti goma ba hayaƙi ya turnuƙe kicin, ƙararrawar gobara ta ɗauka. Duk hawa na uku ya fito baranda, matan Filifin da tawul a ka, wani Bamisire da kumfar aski a fuska. Mai gadin gininmu, wani ɗan Indiya, ya hauro da tulun kashe wuta yana haki. Badaru ya tare shi a ƙofa yana cewa, “Khalas, habibi, khalas, medisin ne, Chaina medisin.” Mai gadi ya leƙa tukunya ya shinshina, ya ce wannan abin uwarsa kullum tana sawa a wake, kuma ba ta taɓa tara masa jama'a ba.

Na kankare tukunyata ina tsine wa kwaɗayi. Shi kuwa ya cika ta da ruwa, ya juye sauran kilo biyu da rabi, ya bar shi yana tafasa har la'asar. Ya ɗebo a ludayi ya kurɓa. Ya sake kurɓa, sai fuskarsa ta ɓaci.

“Hajiya, matar nan ta cuce mu. Ba ɗaci.”

“To dole sai da ɗaci?”

“Ke kin taɓa ganin magani mai ƙamshi? In na kai wa Alhaji wannan cewa zai yi shayi na dafa masa. Magani sai ya murɗe fuska, sai ya wanke ciki mutum ya san ya sha. Mutanen Sin sun iya farawa, amma ba su iya ƙarasawa ba.”

Ya fita, sai ga shi da Jummai, maƙwabciyata 'yar Maraɗi, wadda ke kawo kayan gargajiya daga gida tana sayar wa mata. Ta zo da ƙullin ɓawon maɗaci, da jar kanwa, da ganyen filasko. Wanda ya taɓa shan filasko ya san ba a sha a yi nisa da gida. Jummai ta tsunkuli kaɗan ta ce, “Bon, docteur, wannan ya ishi ƙato biyu.” Badaru ya karɓe ledar gaba ɗaya ya juye. Ya bi da maɗaci, ya bi da dunƙulen kanwa, tukunya ta yi kumfa ta koma baƙa ƙirin.

Jummai ta tafa hannu. “Wannan ko raƙumi aka ba wa sai an nemo masa fili.”

“Ku mata ba ku san haɗi ba,” in ji shi. Ya taɓa da harshe, fuskarsa ta yamutse, hawaye ya cika masa ido. “Yauwa. Yanzu ya zama na Sin.”

Ni dai na ce masa ba da hannuna ba. A ranar nan kuma na fara yi wa Alhaji miyarsa daban, ba mai sosai, ba tantaƙwashi, na yanka masa ɗan ganyen kuzbara a kai. Bayan ya ci na ba shi ruwan zafi da tsunkule ɗaya daga 'yar ledar nan. Ban ce masa magani ba ne, na ce shayin gidan ne.

Rana ta uku da safe falona ya cika, don labari ya zaga Deira cewa yau Dakta Badaru zai yi aiki. 'Yan atamfa, 'yan waya, 'yan turare, kowa ya zo karin kumallo har da waɗanda ba su taɓa sayen ƙosaina ba. Badaru ya shigo da farar riga irin ta masu kyamis, ban san inda ya aro ta ba, hannunta ya tsaya masa a gwiwar hannu. Ya ɗora jarka a tebur ya yi jawabi. Ya ce sirrin nan shekararsa dubu uku, sarakunan Sin kaɗai ke sha, wani tsoho ne a kan dutse ya ba shi bayan ya ga hankalinsa. Ya tsiyaya kofi guda ya miƙa wa Alhaji da hannu biyu.

Alhaji ya leƙa kofin, ya shinshina, ya ajiye.

“Badaru, shekarata talatin a kasuwa, ban taɓa cinikin biri a sama ba. Ko yadi ne sai an yanko min samfur na wanke na shanya na gani. Kai ne samfur. Sha.”

Badaru ya yi 'yar dariya. “Alhaji, ai ni lafiyata ƙalau.”

“To me zai same ka?”

Wani ɗan turare ya ce, “Dakta, ko tsoro kake ji?”

Nan aka taɓo inda yake masa ƙaiƙayi. Ya ɗaga kofi ya shanye, jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Ya dire ya ce, “A Gwanzu da wannan muke buɗe baki.” Aka ce ashe kofi ɗaya ba komai ba ne a wurinsa. Ya ƙara na biyu. Jummai ta ce, “Docteur, ya isa,” shi kuwa jin mace ta ce ya isa, sai ya cika na uku. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Alhaji ya ce, “Madalla. Yau tare za mu yini. In na ga yadda ka kai magariba, ni ma in sha. Da la'asar mu je sito, can zan ba da makullai.”

Har azahar Badaru lafiya lau, sai ma abin da ya ƙaru na baki. Ya zaga da Alhaji shaguna, ya tsallaka da shi ruwa a abra, ɗan kwalekwalen haya, yana gaya wa duk wanda suka gamu da shi cewa jikinsa har wani sauƙi yake yi. Da la'asar muka shiga motar Hafiz, ni ina baya da kulolin abincin da Alhaji ya sa na dafa wa leburori, Alhaji a gaba, Badaru a kusa da ni. Yana shiga ya ce, “Direba, yalla, a tuƙa a hankali, manya ne a ciki.” Hafiz ya ce to.

Mun hau babban titi ke nan, cunkoso ya tsaya cak, sai na ji wani ƙugi. Na ɗauka babbar mota ce a gefenmu. Aka sake, sai na gane daga cikin farar riga yake fitowa. Badaru ya daina magana, abin da ban taɓa gani ba tun da na san shi. Gumi ya feso masa a goshi, ga na'urar sanyi tana aiki.

Alhaji ya waiwayo. “Dakta, ya jikin?”

“Garau, ranka ya daɗe. Maganin ne yake gaisawa da hanji.”

“Gaisuwar tasu da tsawo.”

Bayan ɗan lokaci ya matso gaba ya ce da murya ƙasa-ƙasa, “Direba, ɗan ƙara wuta.”

“Kai ka ce a hankali,” in ji Hafiz.

“Malam Hafiz, na ce ɗan ƙara.”

“Akwai kyamara.”

Na ce, “Badaru, ko in zuba maka kunu? Da sauran zafinsa.” Ya dube ni da idanu jajaye. Ya damƙe kujerar gaba da hannu biyu, ya harɗe ƙafafu, yana karanta duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Allah ya gani na tausaya masa, amma tausayin bai hana ni dariya a cikin mayafi ba.

Minti hamsin muka yi kafin mu kai Al Quoz. A ƙofar sito mutane sun fi ashirin, leburori da 'yan kasuwar da ke haɗa kaya da Alhaji, har da wasu daga cikin 'yan kallon safe da suka biyo mu a tasi don kada a ba su labari. Badaru ya sauko a hankali yana takawa kamar mai ɗauke da ƙwai a cinya. Alhaji ya ce, “To, ga jama'a. Hau kan kwalayen nan ka gaya musu yadda za ka tafiyar da sito in na ba ka.”

Ya hau, don har a lokacin bai saduda ba. Ya buɗe baki ya ce, “Jama'a, a ƙasar Sin...” Sai cikin ya amsa da ƙarfin da har leburan da ke can ƙarshe ya ɗago kai. Ya diro ya yi bayan sito a guje, takalmi ɗaya ya tsaya a kan kwali. Kafin a ƙifta ido sai ga shi ya dawo a guje, don ban ɗakin a kulle yake, ƙaramin makullinsa yana cikin tarin da ke aljihun Alhaji.

“Alhaji, ƙaramin, don girman Allah.”

Alhaji ya zaro tarin, ya sa tabarau, ya shiga juya su ɗaya bayan ɗaya. “Wannan na babbar ƙofa ne. Wannan na ofis. Wannan kuma ban ma san na ina ba ne, Hafiz, na ina ne?” Badaru yana tsalle a wuri ɗaya. Hafiz ne ya karɓa ya je ya buɗe masa.

Muka bi su gaba ɗaya. Alhaji ya sa aka kawo masa kujera ya zauna a bakin ƙofa.

“Badaru, kana ji na?”

“Ina ji, ranka ya daɗe.”

“Me ke cikin maganin nan?”

“Kuzbara ce zalla.”

“Zalla?”

Aka ji abin da ba sai na faɗa ba. “Da ɗan maɗaci.”

“Sai me?”

“Da 'yar kanwa.”

“Ina saurare.”

“Da filasko, Alhaji. Amma don girmanka na ƙara.”

Dariya ta ɓarke, wani lebura ɗan Bangaladash da ba ya jin ko kalma ɗaya ta Hausa shi ya fi kowa ƙyaƙyatawa. Alhaji ya juyo gare ni ya ce, “Hajiya Ramlat, an ce tare kuka je. Me matar ta ce a ba ni?” Na ciro 'yar ledar daga jaka, na haɗa yatsu uku na nuna masa. Na ce shi ne shayin da yake sha kwana biyun nan. Ya shafa cikinsa, ya ce shi ya sa tun jiya yake jin iska tana sauka. Ko kuzbarar ce, ko man da na rage masa ne, Allah ne masani, ni ban ce ba.

Daga ciki murya ta fito a galabaice. “Alhaji, amma dai ka shaida maganina yana aiki.”

“Na shaida. Duk Al Quoz ta shaida.”

Sai bayan kusan awa guda ya fito, farar rigar a hannu, ƙafa ɗaya ba takalmi, fuska ta zabge. Hafiz ya mayar da ƙofar ya kulle kamar yadda ya same ta, ya miƙa wa Alhaji makullansa. Alhaji ya miƙe tsaye.

“Badaru, ba ciwon cikinka ne ya dame ni ba, wannan gobe zai wuce. An ce maka tsunkule, ka dafa tukunya. An ce maka abu ɗaya, ka ƙara uku, kuma ka ce min zalla ne. Gobe in na ce ka loda min atamfa, sai ka ga kwantena ba ta yi nauyin da ya dace da girmana ba, ka cika min ita da tayoyi.” Ya juya ya damƙa wa Hafiz tarin makullan. “Kai kuma an ce ka tafi a hankali, ka tafi a hankali. Riƙe.”

Hafiz ya ce, “Na gode, Alhaji,” ya sa a aljihu.

Badaru ya ɗaga yatsa, ya ja numfashi, da alama akwai sauran jawabi. Ya ce, “Alhaji, a Gwanzu in aka...” Sai ya tsaya. Idanunsa suka fito. Ya dubi ƙofar ban ɗaki a kulle, ya dubi aljihun Hafiz. Sati uku ya rage masa a Dubai, kuma a gaban mutum ashirin ya rusuna har ƙasa.

“Ranka ya daɗe wakili,” in ji shi, “a taimaka min da ƙaramin.”